Takalmin Mai Kemis a Ɗakin Agogo

Ni dai a aji huɗu na tsaya da makaranta, don haka duk wanda ya ga rubutuna ya karkace ya yi haƙuri. Baki Allah Ya ba ni, ba alƙalami ba. A layinmu Rediyo ake kirana, kuma ban taɓa jin zafin sunan ba sai bana.

'Yata ta ƙarshe, wadda muke ce wa Auta, tun tana 'yar shekara goma ta daina gaya mini abin da ke ranta. Laifina ne. Ta raɗa mini cewa wani ɗan ajinsu mai falka-falkan kunnuwa yana burge ta, kafin la'asar har uwar yaron ta ji. Daga ranar ta ɗinke bakinta a gabana. Mijin da ta aura, sai da magana ta yi nisa na sani. Cikinta na fari kuwa a bakin wata nas na ji shi, muna layin karɓar magani. Na yi dariya na ce ai na sani tuntuni. Da na dawo gida ko abinci ban iya ci ba.

Babanta da ya rasu ya bar mata shagon labule da zannuwan gado a bakin babban titi. Shago ne mai zurfi, gaba da ƙurya, da ɗan ɗakin ajiya a baya. A zamaninmu, mutum in ya sami ɗan sarari labule yake canzawa, ya sayi shimfiɗa mai kyau don baƙi su gani su yaba. Yanzu baƙin kowa a cikin waya suke. Shekara biyu Auta tana zaune tana kaɗe ƙura daga kaya, tana kallon ma'aikata da samari da 'yan mata suna wuce ƙofarta zuwa gidan tsalle-tsalle da aka buɗe a ƙarshen titi. Mutum da gemunsa ya biya kuɗi ya yi ta tsalle kamar fara, a ɗauke shi hoto, ya koma gida ya kwanta a kan tsohon zanen gado mai huji.

Wata safiya ta zo gidana ta ce, "Inna, zan sayar da kayan shago kaf. Zan karɓi reshen wani kamfani."

"Kamfanin me?"

Ta yi mini bayani. Wai kamfanin yana da rassa a garuruwa da yawa. Kai ka kawo wuri da jari, su kuma su ba ka sunansu da allonsu da kayan ɗaki da littafin dokoki. Mutane su zo su biya, a kulle su a ɗaki awa ɗaya, su yi ta bincike har su gano hanyar fita.

Na ce, "Su biya a kulle su? Auta, ai 'yan sanda kyauta suke yi."

Ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Inna, mutane sun daina sayen abin da za su ajiye. Abin da za su ba da labari suke saye."

Ta sayar da labulen, ta sayar da motarta, ta haɗa da ɗan abin da take tarawa tun kafin aure. Mijinta direban babbar mota ne, rabin wata yana hanya, ya ce ta yi abin da ta ga ya dace. Kamfani ya turo kafintoci da masu fenti. Cikin wata biyu ƙuryar shagon babanta ta koma ɗakin wani tsohon mai gyaran agogo. Agoguna a bango sun fi talatin, kowanne da lokacin da yake nunawa. Ga tebur mai aljihuna, ga tsohon kabad, ga akwatin ƙarfe da kwaɗo mai lamba huɗu. Mabuɗin ƙofa yana cikin akwatin. A gefen ƙofar akwai jan maɓalli, wanda duk ya tsorata ya danna ƙofa ta buɗe, amma ya faɗi wasan ke nan. Idan an yi minti arba'in a ciki, sai wuta ta ɗauke, agogunan su ɗauki ƙara gaba ɗaya, kabad ya buɗe, mutum-mutumin tsohon ya faɗo. Ranar da aka gwada a kaina sai da na ambaci sunan uwata.

Ɗakin ajiya na baya kuma aka sa masa kujera da allon talabijin da abin magana. Dole wani ya zauna a nan yana kallon na ciki ta kyamara, don kada wani ya ji ciwo, in sun maƙale kuma ya karanta musu taimako daga kati. Matar da Auta ta ɗauka ta yi wata biyu haihuwa ta zo mata. Auta ba za ta rabu biyu ba, ga karɓar baƙi a gaba ga allo a baya. Ta nemi mutum ta rasa. Sai da ta rasa kowa ta juyo kaina, wannan na sani.

Ta shigar da ni ɗakin agogo ta rufe ƙofa. Ta zauna a gefen tebur, littafin dokoki a cinyarta.

"Inna, ki dube ni. Duk abin da Baba ya bari yana cikin ɗakin nan. Doka biyu ce a kanki. Ta farko, lambar akwatin nan ba za ki faɗa wa kowa ba. Ta biyu, duk abin da kika ga baƙo ya yi a ciki, ba ki gani ba. Kowane baƙo sai na sa masa hannu a takarda cewa kyamara don lafiyarsa ce kawai. Kin ji?"

"Na ji."

"Inna, ba jin kunne ba."

"Ke, ni na haife ki ko ke kika haife ni? Na ce na ji."

Ta daɗe tana kallona. Sannan ta sunkuyo, ta kawo bakinta kunnena, ta raɗa mini lambobi huɗu. Na ji ɗumin numfashinta. Rabon da Auta ta yi mini raɗa shekara ashirin da shida. Na ce zan zaga banɗaki, na je na yi kukana na wanke fuska.

Ba zan yi ƙarya in ce ban ji doka ta biyu ba. Na ji ta sarai. Amma a kaina lambar ita ce amana, don ita aka raɗa mini. Ta biyun na ɗauke ta kamar rubutun da ake mannawa a bango wai kada a zubar da shara, kowa ya karanta ya zubar. Lambar kuwa na riƙe ta kamar ƙwai. Ko a barci ina tsoron in yi magagi in faɗe ta.

To amma jama'a, a ɗauki mace irina a zaunar da ita gaban allo, a ce ga mutane nan sun manta ana kallonsu! Shekara sittin ina leƙe ta taga da kan katanga, wuyana har ya saba da karkata, sai ga shi an ba ni kujera mai taushi da fanka. Na ga manajan banki da ya kawo ma'aikatansa, yana ta ba da umarni, ƙarshe mai shara ce ta gano lambar, shi yana can yana jijjiga agogon da ba komai a cikinsa. Na ga mata da miji da suka kwashe awa guda suna faɗa a kan wanda ya bar murhu a kunne shekaranjiya. Na ga ƙaton ɗan dambe ya ɓuya a ƙarƙashin tebur.

Ƙawata Mai Kitso, shagonta yana bayan layinmu, can nake zuwa duk ranar da ba aiki. Da farko ɗan kaɗan nake gutsura musu, ba suna ba kama. Mata su yi ta dariya har mai kai a cinya ta ce a dakata ta share hawaye. Kuma abin da ya ƙara ruɗa ni, wasu daga cikinsu sai suka fara zuwa da ƙawayensu su ga ɗakin da idonsu. Ranakun hutu har layi ake yi a ƙofa. Auta ta fara zancen karɓo ɗaki na biyu daga kamfani. Da rana takan kawo mini shayi gaban allo, ta zauna a hannun kujerata, har ta ɗan ba ni labarin mijinta. Na ce a raina, ashe bakin nan nawa talla ne.

Mai Kitso ta sha zolayata. "Rediyo, ki ba mu lambar mana mu je mu ci kyauta."

"Ko za ki tsefe kaina da wuƙa ba za ki ji ta ba."

"Ikon Allah! Yau Rediyo ce da abin da ba ta faɗa."

Har kumbura nake yi don alfahari.

Ranar wata Asabar da hantsi Mai Kemis ya zo. Kowa ya san shi, shagon maganinsa yana daura da tashar mota. Dogo ne mai sanƙo, kullum cikin farar riga, ba ya dariya, in ka tambaye shi maganin mura sai ya yi maka wa'azin minti goma. Ya zo da wadda zai aura, wata malamar lissafi 'yar siririya mai tabarau. Saura wata biyu bikinsu. Tun a ƙofa yake ce mata, "Kada ki damu, minti ashirin ya ishe ni."

Minti arba'in ya cika ko aljihu ɗaya bai buɗe ba. Wuta ta ɗauke. Agoguna suka ɗauka. Kyamararmu tana gani a duhu, don haka komai a idona. Kabad ya buɗe, tsoho ya faɗo masa a kafaɗa. Mai Kemis ya kurma ihu irin wanda ban taɓa jin namiji ya yi ba. Malama tana tsakaninsa da ƙofa. Ya sa hannu biyu ya ture ta ta faɗi kan tebur, ya doki jan maɓalli, ya fice. Ƙofa ta koma ta rufe a bayansa. Takalminsa ɗaya, baƙi mai sheƙi, yana tsakiyar ɗaki.

Na yi maza na kunna wuta, na ce ta abin magana, "'Yata, kin ji ciwo?"

Ta tashi, ta laluba tabarau ta saka. Ta ce, "A'a, Mama. Saura minti nawa?"

"Sha tara."

"To a bar ni in ƙarasa."

Wallahi ita kaɗai ta ƙarasa. Ta bi agogunan ɗaya bayan ɗaya, ta buɗe akwati, ta fito da mabuɗi. Da ta fito, shi yana can cikin mota ya kifa kai a sitiyari. Ba ta wuce wurinsa ba, sai ta zagayo ɗakina na baya ta tsaya a bakin ƙofa.

"Mama, ke kika gani ko?"

"Ni ce."

"Yana ƙarami gini ya taɓa rufta musu. Bai taɓa gaya wa kowa ba sai ni, ni kuma na manta na kawo shi nan. Don Allah ki bar shi a nan."

Na dafa ƙirji na ce, "Haba 'yata. Ni ko lambar akwati ba a taɓa ji a bakina ba."

Ta yi godiya ta tafi. Takalmin suka manta, Auta ta jefa shi a kwandon kayan da baƙi ke bari.

Kwana huɗu na yi. Ina so a rubuta mini wannan, kwana huɗu cur. Maganar tana motsi a cikina kamar na haɗiyi kifi da rai. Rana ta biyar ina zaune a shagon Mai Kitso, wata ta kawo labarin maƙwabciyarta, labari mara gishiri, amma aka yi ta dariya. Na ji ba zan iya bari a ci ni a gidana ba.

Na ce, "Ku wannan har labari ne? Ni na ga ango ya ture amarya ya gudu ya bar takalmi."

Ban faɗi suna ba. Na dai ce dogo ne, na shafa tsakiyar kaina, na ce da farar riga. Na tashi na kwaikwayi ihun. Zancen ginin da ya rufta kuwa ban faɗa ba, don da shi labarin ba ya ba da dariya.

Kafin mako ya zagayo, 'yan tasha suna kiransa Takalmi Ɗaya. Mutum ya shiga sayen maganin ciwon kai, ya leƙa ƙarƙashin kanta ya ce yana duba ko an samo ɗayan. Wani ɗan iska ya rataye masa tsohon silifa a ƙofar shago.

Shi kuma a saninsa mutum biyu ne a ɗakin. Bai tuna da kyamara ba, bai san da wata tsohuwa a bayan bango ba. Ya je ya sami Malama ya ce ita ta tona shi. Ta rantse, bai yarda ba. Sauran abin da ya faɗa mata ban sani ba, kuma karo na farko a rayuwata ban bincika ba. Aka fasa biki.

Malama ta zo shago ranar Talata bayan an tashi makaranta. Ina ɗakin baya ina jin su. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ajiye takardar da Auta ta sa wa hannu a kan tebur, ta ce ta aika wa kamfani hoton takardar tare da wasiƙa. Auta ta ce, "Ba daga nan ya fita ba. Mahaifiyata ce a kan allo, kuma ta yi mini alkawari." Har yau in na tuna yadda ta faɗi maganar nan da ƙarfin gwiwa, sai in ji kamar in nutse.

Malama ta ce, "Ni ma ta yi mini."

Bayan ta tafi Auta ta buɗe ƙofar ɗakina. Ba ta tambaye ni komai ba. Ta dubi fuskata, ta ja ƙofar ta rufe a hankali.

Daga nan ranakun hutu suka fara zama kamar Litinin. Labari ya juya, yanzu ba na Mai Kemis ake yi ba, na tsohuwar da ke gaban allo ake yi. Manajan banki ya soke zuwan da suka shirya. Matan shagon kitso, waɗanda suka fi kowa dariya, su suka fara cewa Allah Ya kiyaye su shiga inda Rediyo za ta gan su a duhu.

Kamfani ya turo wata mata mai jakar fata, ba ta kai Auta shekaru ba. Ta zauna da mu a gaban shago, ta buɗe littafin dokoki.

Na ce bari in ceci 'yata. "Ranki ya daɗe, ni dai lambar akwati ban taɓa faɗa wa kowa ba. A tambayi duk garin nan."

Ta cire biro daga baki ta dube ni, ba da wulaƙanci ba, har da ɗan tausayi. "Mama, duk wanda ya ci wasan nan ai ya san lambar. A rassanmu mutum nawa ne suka buɗe akwatin nan? Ko an faɗa, kwaɗo kawai za mu canza."

Ban taɓa tunanin haka ba. Wata biyar ina gadin abin da mai sharar banki ma ta sani.

Ta ce wasiƙar Malama ta yawo a waya, har rassan wasu garuruwa ana tambayarsu ko su ma suna da mai ba da labari. Ta ce sunan ba na Auta kaɗai ba ne, akwai wasu da suka zuba jarinsu a ƙarƙashinsa. Auta ta roƙa. Ta ce za ta cire ni, za ta ɗauki wani, za ta je ta ba da haƙuri gida-gida. Matar ta rufe littafi ta ce ba ita ke yanke hukunci ba, amma kada Auta ta sa rai.

Bayan mako uku suka zo da mota. Suka sauke allon suna, suka kwashe agogunan, suka naɗe tsohon kabad a bargo kamar gawa. Bango ya rage da ƙusoshi da zagayen inda kowane agogo ya zauna. Auta tana shara, na ɗauki ɗayar tsintsiyar.

"Auta, ki zage ni mana. Ki ce wani abu."

"Me zan ce, Inna? In na faɗa, gobe a shagon kitso zan ji shi."

Ta ci gaba da shararta.

Na ɗauki takalmin daga kwando na sa a leda, na tafi kemis. Na jira sai da mutane suka ragu. Na ajiye masa a kan kanta na ce, "Ɗana, ni ce. Yarinyar nan ba ta faɗa wa kowa ba. Har roƙona ta yi."

Ya dubi ledar bai taɓa ta ba. Ya rame, farar rigar ta yi masa yawa. "Na sani, Mama. Daga baya na sani. Na je gidansu sau uku." Ya tura ledar ƙarƙashin kanta da gefen hannu. "Akwai maganin da kike so?"

Na ce babu.

Shagon yanzu wani mai gyaran waya ne a ciki. Auta tana zuwa gaishe ni duk ƙarshen mako, ba ta fasa ba. Ta kawo mini sabulu da 'ya'yan itace, ta tambayi ƙafata, ta ce yara suna gaishe ni. In na ce ya gida, ta ce lafiya. In na ce ya maigidan, ta ce lafiya. Minti ashirin ta tashi.

Shekaranjiya na je wurin Mai Kitso, don kaina ya yi wata biyu ba a taɓa shi ba. Tana tsaga tana surutu. Can ta ce, "Ashe kuma Auta tashi za su yi? An ce ta sami aiki a wani otal can garin su mijinta, ƙarshen wata za su kwashe kaya."

Na ji kamar ta soka mini tsinken kitso a ƙirji. Na yi dariya na ce, "Ai na sani tuntuni."

"To Allah Ya sa alheri." Ta ja wani silin gashi ta ɗaure. "Ke Rediyo, yanzu dai tunda wuri ya tashi, ba mu lambar nan mu ji. Me ya rage?"

Matan da ke jiran layi suka matso, har da mai cewa wallahi ta daɗe tana son sani.

Na ce, "Auta ce ta raɗa mini."

"To ai an gama, wa zai tambaye ki?"

"Ki yi kitsonki, kina ja mini gashi."

Ta yi tsaki ta danna kaina ƙasa. Na bar shi a sunkuye har ta gama.